Injin Tatsar Nono: Abin Da Ya Kamata Mai Jego Ta Sani

Jama'ar unguwar Shehuri ta Maiduguri, musamman iyaye mata da surukai da magidanta, ga wata magana da ta shafi jariranmu. A 'yan shekarun nan ana ganin wani ɗan inji a shagunan magani wanda mai shayarwa ke tatsar nononta da shi. Wata ta saya, wata ta ara wurin maƙwabciya, wata kuma ta ji labarin a Amurka da Ingila har haya ake bayarwa. To, ya kamata a san amfaninsa da haɗarinsa tun kafin a kai hannu aljihu.

Da farko, me ya sa uwa za ta tatsi nono alhali ga jariri a hannu? Dalilan ba su da yawa. Akwai bakwaini wanda bai da ƙarfin tsotso, ko jaririn da aka kwantar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru. Akwai uwar da nono ya cika mata ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa. Akwai kuma malamar makaranta, da ɗaliba, da mai rumfa a Kasuwar Monday, waɗanda dole su fita su bar yaro a gida. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6. Tatsa ce ke cike wannan giɓi.

Injin da ake bayarwa haya a ƙasashen waje na asibiti ne, mai aiki da lantarki, an ƙera shi yadda nono ba zai shiga cikinsa ba. Kowace uwa kuma tana sayen nata mazurari da roba da kwalba, ba a haɗa su da kowa. Ƙaramin injin da ake saya a kanti kuwa na mutum ɗaya ne. Idan aka yi ta yawo da shi gida-gida, nono kan maƙale a lungunan da sabulu ba ya kaiwa, ƙwayoyin cuta su yi gida. Mafi muni shi ne mai ƙwallon roba a gindi, kamar hon ɗin keke: ba ya wankuwa, yana kuma jin ma kan nono ciwo. A guje shi ko da kyauta ne.

Sai maganar wuta. Mutumin Maiduguri bai manta da 2021 ba, lokacin da aka lalata turakun lantarki gari ya daɗe cikin duhu. Bai kuma manta da Satumbar 2024 ba, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Shehuri da Gwange har fadar Shehu. A irin wannan rana injin lantarki ba ya aiki, ruwan wanke kwalba ma babu, madarar gwangwani kuwa da aka dama da gurɓataccen ruwa ita ce ƙofar gudawa. Uwar da ta iya tatsa da hannu ita ce ba ta rasa komai ba.

Ga yadda ake yi. Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta samu kofi mai faɗin baki wanda aka wanke aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ta zauna hankali kwance, ta ɗora tsumma mai ɗumi a kan nonon, ta ɗan murza shi a hankali. Sai ta ɗora babban yatsa a saman baƙin da ya kewaye kan nono, manuni a ƙasa, ta danna su ciki wajen ƙirji, ta matse, ta saki. Kada ta ja kan nonon, nan ba a samun komai sai zafi. Da fari ɗigo-ɗigo zai zo, daga baya ya yi tsartuwa. In ya ragu ta zagaya da yatsun, ta koma ɗayan, haka har minti 20 zuwa 30.

A rufe kofin a ajiye a inuwa, a ba yaro cikin awa 4. A zafin Afrilu, da ma'auni ke wuce 40, kada ma a jira hakan. A firjin da wuta ba ta yankewa nonon yana kai kwana 4. Ba a tafasa shi, sai dai a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. A shayar da ƙaramin kofi, yaro na zaune a cinya yana lasa da kansa, ba a ɗura masa.

Yanzu ga kakanni, don ku ne masu iko da ɗakin jego. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jariri. A sa jariri a nono cikin awar farko da haihuwa. Tausayi ne ke sa a ce "ai zafin garin nan sai da ruwa," amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Mai jegon za a ba ruwa da kunu da abinci mai kyau, a kuma ɗauke mata aikin gida. Maigida, wannan nauyinka ne.

Idan uwa ta ce nononta ya yi kaɗan, yawanci kamun yaro ne bai yi daidai ba. A je asibitin sha-ka-tafi ranar awo ko rigakafi, a roƙi malamar asibiti ta duba da idonta: bakin yaro a buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa nono. Yawan tsotso ke kawo yawan nono, kuma yaron da ke fitsari sau 6 ko fiye a yini yana samun rabonsa. Amma in nono ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi, ko jariri ya ƙi kamawa ya yi laushi, a tafi asibiti a ranar, kuma kada a daina shayarwa a hanya.