Darasi: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka tattara hankalinka, domin maganar nan ta gidanku ce.

Ranar Juma'a 11 ga Disamba 2020, da dare, 'yan bindiga suka faɗa wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji da ƙafa. Ranar 17 ga watan aka sako su. Yara sun komo gida, amma natsuwar iyaye ba ta komo tare da su ba.

To, ka sani, ɓarnar ɗan fashi iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙidayawa, watau rayuka da shanu da kuɗin fansa. Akwai kuma wadda ba ta ƙidayuwa, ita ce mutuwar amana. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa, da can manomi in ya sami albarkar masara, gari duk ya sani, a taya shi murna. Da fitina ta zo, sai ya koma ɓoye buhunansa kamar kayan sata. Wanda ya sayar da sa ba ya so ƙaninsa ya ji nawa ya kama. Baƙo ya yi sallama da magariba, gaban maigida ya faɗi. Subhanallahi! Baƙon da a da ake shimfiɗa wa tabarma tun ba a tambayi sunansa ba!

Me ya kawo haka? Mutumin daji bai san gidan da kuɗi suka kwana ba, sai an faɗa masa. Wannan mai tsegumin, da ake kira infoma, yana cikin abin da ya sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumban 2021, har da waɗannan uku. An toshe bakin munafuki, amma mai gaskiya ma ya rasa hanyar kiran agaji.

Nan ne abin ya zo kanka. Kada talauci ya sa ka sayar da sirrin maƙwabcinka a kan kuɗin kati. Duk jinin da aka zubar a gidan nan, da hannunka a ciki.

Sa'an nan kuma ka kiyayi zato. A majalisa wani ya ce "wane infoma ne", kafin la'asar samari sun ɗauki gora, babu shaida, babu alƙali. Haka ake yi wa Bafillacen da kakanka ya zauna da kakansa, alhali shi ma an kore masa garke. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, ka faɗi iyakar abin da idonka ya gani, ban da abin da ka ji a teburin mai shayi.