Rumbu Biyu

Karatu: Farawa 41:33-57, Luka 12:13-21

Da kaka, bayan an yanke gero an ɗaure dammuna, akwai tambayar da takan dami manomi mai bi. In zuba hatsin nan a rumbu in rufe, ko kuwa yin haka rashin bangaskiya ne? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama akwai wurare a Littafi Mai Tsarki da suke kamar suna karo da juna. Karin Magana 6:6-8 ya aiki rago wurin tururuwa ya koyi tanadi. Manzo Bulus ma bai yarda a ciyar da wanda ya ƙi aiki da gangan ba (2 Tasalonikawa 3:10). Amma a Matiyu 6 Ubangiji Yesu ya hana mu tara wa kanmu dukiya a duniya, har ya nuna mana tsuntsaye, waɗanda ba su da rumbu ko ɗaya. To, wanne za mu bi?

Ɗan'uwa, bari mu dubi mutum biyu da suka cika rumbu.

Na fari Yusufu ne. Yana da shekara 30 sa'ad da Fir'auna ya ɗora shi bisa ƙasar Masar. Shawarar da ya bayar ita ce a riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara 7. Hatsin ya taru a birane har aka daina aunawa. Ba inda Allah ya tsauta masa, gama shi ne ya ba shi hikimar yin haka.

Na biyu shi ne mai arzikin da Yesu ya ba da misalinsa. Ka lura, ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya ci guminsa na ma'aikata ba. Gonarsa ce ta yi albarka, halalinsa ne. Ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, abin da kowane mai hankali zai yi. Duk da haka Allah ya kira shi wawa, ya karɓi ransa a daren nan. Me ya sa? Sake karanta aya 17 zuwa 19, ka ƙirga sau nawa ya ambaci kansa da abin da yake nasa. Da ransa kaɗai ya yi shawara. Babu maƙwabci cikin lissafinsa, babu gwauruwa, babu Allah. Kada kuma mu manta abin da ya jawo misalin: wani ne ya zo yana so Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi. Maganar kwaɗayi ake yi. Haka ma zancen tsuntsaye: da sassafe suke fita kiwo, ba sa jira a sheƙa. Abin da Yesu ya yi ta maimaitawa a wurin shi ne mu bar damuwa.

Yusufu ya cika rumbunansa domin ranar da za a buɗe su. Da yunwa ta zo ya buɗe, har 'yan'uwansa da suka sayar da shi suka zo daga Kan'ana suka samu. Gaskiya kam, ba kyauta ya raba ba, sayarwa ya yi, kuma Farawa 47 ya nuna yadda Masarawa suka ba da kuɗinsu, da dabbobinsu, da gonakinsu, har da kansu. Wannan sura tana da nauyi, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Amma mutanen da bakinsu suka shaida shi ya ceci rayukansu.

Mutanen Maraɗi da Damagaram ba su manta da 2005 ba. Bayan fari da fara na 2004, akwai hatsi a kasuwa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Karin Magana 11:26 ya san irin wannan rana: mutane sukan la'anci mai ɓoye hatsi, su sa wa mai fitar da shi ya sayar albarka. Ayar ba ta ce dole ka kyautar ba, ba ta kuma hana ɗan kasuwa riba ba. Ɓoyewa ana jiran yunwa ta ƙara tsada, shi ta la'anta. Kuma a Afisawa 4:28, dalilin da aka ba tsohon ɓarawo na kama aikin hannu shi ne ya sami abin taimakon mai bukata.

Saboda haka ka yi noma da ƙarfinka, ka gyara rumbunka, ka ware iri da abincin iyali. Amma tun yanzu da kaka, kafin ka rufe bakin rumbun, ka zauna da mai ɗakinka ku yanke dami nawa ne na ikilisiya, nawa ne na wadda za ta yi sallama da ƙwarya a tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba.