Kuɗaɗen da Ake Cusawa a Cinikin Motar Hannu da Bashi a Amurka

A yawancin garuruwan Amurka, in aka ɗebe 'yan manyan birane irin su New York inda jirgin ƙasa da bas suka wadata, da mota ake zuwa aiki da asibiti da masallacin Juma'a, saboda haka baƙon da ya sauka ba ya jimawa bai fara neman motar hannu ba, kuma da yake abin da ke aljihunsa ba kasafai yake kai farashinta ba, sai ya karɓe ta bashi a kamfanin dillancin motoci. A kasuwar ƙasar Hausa, da zarar mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ƙare, sai biya da la'adar dillali. A can kuwa, daidaitawa a kan farashi rabin ciniki ne, domin bayan an yi musabaha akan shigar da mai saye wani ƙaramin ofishi, na harkar bashi da inshora, inda wani ma'aikaci daban yake haɗa takardu, kuma a wannan ɗaki ne ake ɗora wa bashin kayan da mai saye bai zo nema ba.

Kayan iri-iri ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai yarjejeniyar gyara, wadda akan kira ƙarin garanti, alhali alkawari ne na biyan kuɗin wasu gyare-gyare da aka lissafa, tare da jerin abubuwan da aka togace, wanda sau da yawa ya fi na farko tsawo. Akwai kariyar da ake kira GAP, wadda ke cike giɓin da ke tsakanin abin da kamfanin inshora zai biya da ragowar bashi idan an sace motar ko ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa. Wannan tana da amfani na gaskiya ga wanda ya ba da kafin alƙalami kaɗan ya ɗauki dogon bashi, sai dai akan same ta da rahusa a wurin kamfanin inshorar motar. Sauran kuwa, kamar zana lambar shaidar mota a jikin gilashi, da shafa maganin kare fenti da kujeru, da hura iskar naitirojin a taya, amfaninsu bai kai kuɗinsu ba, musamman idan aka tuna cewa kashi 78 cikin 100 na iskar da kowa ke shaƙa naitirojin ce. Kuɗin haɗa takardu ma na kamfani ne, ba harajin gwamnati ba, kuma yayin da jihohi irin su California da New York suka ƙayyade shi, Florida ba ta sa masa iyaka ba.

Abin da ke ɓoye waɗannan kuɗaɗe shi ne tambayar da akan fara yi wa mai saye, wato nawa zai iya biya a wata. Da zarar hankalinsa ya koma kan kuɗin wata, ana iya tsawaita bashin daga wata 60 zuwa 72 a cusa ƙarin kaya ba tare da adadin ya motsa sosai ba. Idan, alal misali, aka ƙara kayan dala 3,000 a bashin wata 72 mai kuɗin ruwa kashi 15 cikin 100 a shekara, abin da zai hau kan biyan wata kimanin dala 63 ne, wanda bai yi nauyi a kunne ba, amma kafin bashin ya ƙare an biya kusan dala 4,570 a kan kayan. Lamarin ya fi tsanani ga sabon zuwa, domin ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar, wanda da shi ake auna cancantar mutum, don haka ruwan da ake yanka masa yakan yi yawa, kuma kamfanin dillancin yana iya ɗora nasa kaso a kan adadin da banki ya amince da shi. Wanda ya shiga bashin a kan larura yana ƙyamar riba ya kamata ya san cewa kowace dala ta ƙarin kaya tana jawo nata ruwan.

Dokar tarayya ta bayyana gaskiya a harkar bashi, ta shekarar 1968, ta wajabta a nuna wa mai karɓar bashi a rubuce, kafin ya sa hannu, adadin ruwa na shekara wanda ake taƙaitawa da APR, da jimillar kuɗin ruwan, da ainihin kuɗin da aka ranta, da jimillar abin da zai biya. Layin kuɗin da aka ranta shi ne wurin dubawa, domin idan an sallama mota a kan dala 14,000, aka ga bashin ya zarce wannan da harajin jiha da kuɗin rajista bayan cire kafin alƙalami, to akwai abin da aka shigar. Idan ma'aikaci ya ce banki ne ya sharɗanta GAP ko inshorar bashi, sai a nemi ya nuna a rubuce, domin a ƙa'ida abin da aka tilasta dole ya shiga lissafin APR. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan irin waɗannan kuɗaɗe a watan Disamba na 2023, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a watan Janairu na 2025 saboda kuskuren bin matakai. Duk da haka cajin mutum abin da bai yarda da shi ba ya saɓa doka: a 2022 rukunin kamfanonin Napleton ya amince ya biya dala miliyan 10 don sasanta ƙarar da hukumar da jihar Illinois suka shigar, bisa zargin cusa ƙarin kaya da kuma cajin baƙaƙen fata fiye da sauran masu saye.

Babban abin da ke kayar da Bahaushe a wannan ɗaki shi ne kara. Bayan ya shafe awa uku ko huɗu ana yi masa fara'a, an ba shi shayi, ga ɗan'uwan da ya rako shi yana duba agogo, sai ya ji nauyin cewa a cire kaza, ga kuma takardun suna wucewa a fuskar ƙaramar kwamfuta ana nuna masa inda zai taɓa da yatsa. Wannan kara ba ta da muhalli a nan, domin alkawarin baki ba ya tasiri idan ya saɓa wa takarda, kuma imanin da ya yaɗu cewa ana iya mayar da mota cikin kwana uku kuskure ne, tunda dokar tarayya ba ta ba da wannan dama ba a cinikin da aka ƙulla a harabar kamfani. Abin da ya fi tsare mai saye shi ne ya samo amincewar bashi tun da fari daga banki ko ƙungiyar lamuni ta mambobi, ya nemi a rubuta masa jimillar farashin fita da mota har da haraji, ya karɓi takardu a buge ya karanta layi-layi, kuma ya tashi ya tafi idan aka ƙi goge abin da bai nema ba.

Wanda ya riga ya sa hannu yana iya duba sharuɗɗan sokewa, domin yawancin yarjejeniyoyin gyara da na GAP suna ba da damar janyewa a mayar da kuɗin lokacin da ya rage, ko da yake kuɗin yakan tafi wurin banki ne ya rage uwar bashi, biyan wata kuwa ya ci gaba yadda yake. Neman sokewar a rubuce ake yi tare da ajiye kwafi, idan kuma kamfani ya yi biris, ana kai ƙorafi ofishin babban lauyan jihar da aka sayi motar ko hukumar FTC.