Darasi: Awon madara da ha'incin ruwa

Ƴan'uwa makiyaya da masu sayen madara na Konni, Malbaza da Illela, ga darasinmu na yau.

Litar ruwa nauyinta garam 1000 ne. Litar madarar saniya kuwa wajen garam 1030. Ma'aunin madara ƴar kwalba ce siririya mai lambobi. In an saka ta cikin madara ta gari, sai ta tsaya wajen lamba 30.

In an zuba ruwa kashi 1 cikin madara kashi 9, lamba ta sauko 27, don ruwa bai kai madara nauyi ba.

Amma ku kula! Mai bai kai ko ruwa nauyi ba. In an kwashe shi, lamba ta hau wajen 35. Mai ha'inci ya ƙara ruwa, ta komo 30. Ma'auni ya ce lafiya lau, alhali kun sayi ruwa da kuɗin madara.

Don haka:
1. A bar madara ta huce kafin awo.
2. A aje kaɗan a inuwa, a ga ko mai ya taso.
3. A tafasa ta, don ruwan tabki na kawo ma yara zawo.

Tambaya: madara ta gari kashi 8, ruwa kashi 2, wace lamba za a gani?