Amsar Tambaya: Me Zan Ba Yara Su Yi A Cikin Gida?

Tambaya: Anti, an ba da hutu, ga damina ta kankama. Yarana huɗu ba su da aiki sai faɗa da rigimar waya. Yaya zan yi da su? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana su. Yaro ba ya natsuwa sai hannunsa ya samu abin yi. Ki samo kwali ki zana gidaje 30, layi biyar masu gida shida-shida. Ki ba ɗaya ƙwallon dabino 12, ɗaya kuma tsakuwa 12, su buga dara. Duk wanda ya jera uku sai ya cire ɗaya na abokinsa. 'Yan mata kuwa, in akwai su a cikinsu, ki koya musu carafke.

Da hantsi ki ja su kicin su murza cincin su yanka, amma suya taki ce, kada su matso kusa da mai.

Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma, a kashe talabijin, ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sannan kowa ya kawo kacici-kacicinsa. Ki roƙi babansu ya zauna, ke ma ki ajiye taki wayar, domin zamanku da su ya fi kowane wasa.