Ilimin Duwatsu da Kalmomin Hausa

A wannan ɗan darasi zan yi bayani a kan digirin jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ma'adinai, da inda ya shafe mu ɗaliban harshe.

A jami'o'in Nijeriya karatun yakan ɗauki shekara 4. Ana koya wa ɗalibi duwatsu iri 3: wanda ya narke ya sandare, kamar dutsen Zuma, wanda yashi da laka suka taru suka ƙanƙare, da wanda zafi da nauyin ƙasa suka sauya. Yakan kuma fita daji ya zana taswira. Da wannan ilimi aka gano kwal a Udi a 1909, da man fetur a Oloibiri a 1956.

To, idan masanin ya je ƙauye neman inda za a haƙa rijiya, da wace kalma zai yi bayani? Hausa tana da fā, marmara, tsakuwa, yumɓu da kuza, kowanne da ma'anarsa. A ganina, aikinmu ne mu tattara irinsu daga bakin maginan rijiya da mahaƙan kuza na Jos kafin mu ari na Turanci.