LAUNI MAI GARGAƊI: YADDA ZA A GANE KAYAN DA WA'ADINSU YA KUSA CIKA

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin masu shagunan magani, da masu tireda, da ma'ajin asibitoci da makarantu, da duk wanda ke ajiye kayan da ake ci ko ake sha. Nufinmu shi ne mu nuna yadda jadawalin lissafi na kwamfuta zai riƙa sauya launi da kansa, ya faɗakar da mai kaya tun ranar cikar wa'adi ba ta zo ba. Ana roƙon wanda ya karanta ya bayyana wa maƙwabcinsa wanda bai sami damar karantawa ba.

1. Dalilin wannan darasi

Mu ɗauki misali da Agege, a birnin Ikko, watau Legas. Hausawa sun daɗe a wannan unguwa ta dalilin fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta haɗa Ikko da Kano. Goro kuwa kaya ne mai faɗin halinsa da kansa. Bafatake ya kwance huhu, ya duba, ya tsince wanda ya fara lalacewa, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa. Idonsa da hannunsa sun ishe shi.

To, jikokin waɗannan fatake a yau, a Agege da Idi-Araba da Mile 12, da yawansu maganin kwalba da madarar gwangwani da abincin jarirai suke sayarwa. Waɗannan kaya ba su nuna lalacewarsu a fuska. Ƙwayar magani tana iya rasa ƙarfinta alhali tana nan fara fat cikin takardarta. Abin dogara ɗaya ne, shi ne kwanan watan da kamfani ya buga a jikin kwali, bayan haruffan EXP. Mutane kan ce kaya "ya yi esfaya" idan wannan rana ta wuce. Shago mai ɗauke da kaya iri ɗari uku ko ɗari huɗu kuwa, ba wanda zai iya riƙe ranakunsu duka a ka.

Hasarar da ke cikin wannan iri biyu ce. Ta farko ta dukiya: kwalin da aka manta a ƙarƙashin kanta har wa'adinsa ya cika, jarin da ke cikinsa ya tafi ke nan. Ta biyu ta fi muni. Uwa ta sayi maganin zazzaɓi, ta ba ɗanta, ta kwanta da zaton ta yi magani, cuta kuwa tana ta cin yaro. Saboda haka ne dokar ƙasa ta hana sayar da irin waɗannan kaya, kuma Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, take da ikon kwashe su da rufe shagon da aka same su. A farkon 2025 hukumar ta kai samame manyan kasuwannin magani na Idumota a Ikko, da Onitsha, da Aba, inda ta kwashe magunguna masu yawa, har da waɗanda wa'adinsu ya wuce.

2. Mene ne jadawalin lissafi?

Jadawalin lissafi shafi ne a kwamfuta ko a waya, wanda aka tsaga gida-gida kamar littafin akawu. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, D. Layukan kwance suna da lambobi, 1, 2, 3. Kowane gida yana da suna: D2 shi ne inda layin D ya gamu da layi na 2. Irinsa na farko da ya yaɗu a duniya shi ne VisiCalc, a 1979. Waɗanda aka fi amfani da su a ƙasarmu su ne Microsoft Excel da Google Sheets.

Akwai abu guda da ya wajaba mai karatu ya fahimta, don a kansa aka gina darasin duka. Jadawali yana ɗaukar kwanan wata a matsayin lamba. Excel yana ƙirga kwanaki ne daga 1 ga Janairu 1900, wadda ya ba lamba 1. Ranar 1 ga Maris 2026 lambarta 46082, ranar 31 ga Maris 2026 kuwa 46112. In aka ɗebe ta farko daga ta biyu, saura 30. Ta haka kwamfuta ke sanin kwana nawa ya rage wa kaya. Akwai kuma kalma ɗaya, TODAY(), wadda ke kawo lambar ranar da ake ciki duk lokacin da aka buɗe jadawalin.

3. Shirya jadawalin

A layi na 1 a rubuta kanun nan guda biyar:

A: Sunan kaya
B: Lambar rukuni, wadda ke jikin kwali bayan kalmar Batch ko Lot
C: Yawan da ke shago
D: Ranar cikar wa'adi
E: Sauran kwanaki

Kowane rukuni ya sami layinsa. In an sayo maganin tari iri ɗaya sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Yuni, layi biyu za a buɗe, domin ranakunsu sun bambanta.

Yawancin magunguna wata da shekara kaɗai ake buga musu, kamar EXP 05/2026. Ma'anar wannan ita ce ranar ƙarshe ta watan, saboda haka a rubuta 31/05/2026. Kada a rikita ta da ranar da aka yi maganin, wadda ke bayan haruffan MFG ko MFD.

A gidan E2 a rubuta =D2-TODAY() sa'an nan a ja shi ƙasa zuwa sauran layukan da ke da kaya. In amsar ta fito da siffar kwanan wata, sai a sauya tsarin layin E ya koma na lamba.

4. Sanya sharuɗɗan launi

Abin da ake nufi da launi bisa sharaɗi shi ne a gaya wa jadawali: in kaza ya tabbata, ka rina wannan layi da launi kaza. Sharaɗi uku muke bukata.

Da farko a zaɓi gidaje daga A2 zuwa E500. A Excel, a shiga Home, a danna Conditional Formatting, sa'an nan New Rule, a zaɓi layin da ya ce Use a formula to determine which cells to format. A Google Sheets, a shiga Format, a danna Conditional formatting, a zaɓi Custom formula is. Sai a rubuta ƙa'idodin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace da launinta.

Ja, domin kayan da wa'adinsu ya riga ya wuce:
=AND(ISNUMBER($D2),$D2<TODAY())

Ruwan goro, domin waɗanda ya rage musu kwana 30 ko ƙasa:
=AND(ISNUMBER($D2),$D2<=TODAY()+30)

Rawaya, domin waɗanda ya rage musu kwana 90 ko ƙasa:
=AND(ISNUMBER($D2),$D2<=TODAY()+90)

Ga fassarar waɗannan alamu. Alamar $ da ke gaban D tana sa kowane gida a layin ya dubi D kaɗai, don haka layin ke rinuwa gaba ɗaya daga A har E. Kalmar ISNUMBER tana tambaya ne ko akwai kwanan wata na gaskiya a gidan. Ba don ita ba, da kwamfuta ta ɗauki gidan da ba kome a matsayin sifiri, ta rina dukan layukan da ba a cika ba da ja. Kalmar AND kuwa tana nufin sai sharaɗi biyun sun tabbata tare.

Abin lura: jerin ƙa'idodin yana da muhimmanci ƙwarai. Maganin da ya riga ya wuce wa'adi ya cika sharuɗɗan nan uku duka, kuma ƙa'idar da ke sama ita ce ke rinjaye. Lalle ne ja ta kasance a sama, ruwan goro a tsakiya, rawaya a ƙasa. Excel kan ɗora sabuwar ƙa'ida a kan tsofaffi, saboda haka bayan an gama a shiga Manage Rules a daidaita jerin. In aka bar rawaya a sama, mataccen magani zai fito da launin mai sauran wata uku.

Wanda ba shi da kwamfuta yana iya zuwa shagon da ake buga takardu a shirya masa sau ɗaya, sa'an nan ya ci gaba da dubawa a wayarsa.

5. Misali

A ce yau 1 ga Maris 2026, Malam Wane ya buɗe shagonsa a Agege, ya duba jadawali. Ga abin da zai gani:

Maganin tari na yara, 28/02/2026: saura -1. Ja.
Gishirin zawo, 31/03/2026: saura 30. Ruwan goro.
Madarar gwangwani, 30/04/2026: saura 60. Rawaya.
Maganin zazzaɓin cizon sauro, 31/05/2026: saura 91. Ba launi.

Kashegari, ba tare da ya taɓa kome ba, maganin zazzaɓin zai koma saura 90, layinsa ya zama rawaya. Amfanin abin ke nan: kwanan watan ne ke neman mai shago tun da sauran lokaci.

6. Kurakurai uku da ke ɓata aikin

Na farko, juya rana da wata. Mu a Nijeriya rana muke fara rubutawa, mutanen Amurka kuwa wata suke farawa da shi, kuma kwamfutoci da yawa da tsarin Amurka suke zuwa. In ka rubuta 03/11/2026 kana nufin 3 ga Nuwamba, irin wannan kwamfuta za ta karanta 11 ga Maris. In kuma ka rubuta 11/03/2026 kana nufin 11 ga Maris, za ta ba maganin ƙarin kusan wata takwas da ba nasa ba. Maganin wannan shi ne a sauya tsarin ƙasa a kwamfutar ya koma na Nijeriya ko na Ingila, kuma a sa layin D ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, don ido ya tabbatar.

Na biyu, kwanan watan da kwamfuta ba ta gane ba. In aka rubuta "ƙarshen Mayu", ko 31/05/2026 a kwamfuta mai tsarin Amurka, za ta ɗauke shi rubutu ne kawai, domin ba wata na 31. Irin wannan layi ba zai taɓa yin launi ba har maganin ya shekara da mutuwa, kuma wannan shi ne kuskure mafi haɗari, don shiru yake yi. Alamarsa ita ce kwanan wata na gaskiya kan jingina a dama cikin gidansa, rubutu kuwa a hagu. Ya kyautu a ƙara ƙa'ida ta huɗu da launin shuɗi:
=AND($A2<>"",NOT(ISNUMBER($D2)))
Duk layin da ya yi shuɗi, akwai sunan kaya amma ba kwanan wata ingantacce, sai a gyara nan take.

Na uku, dogara da takardar da aka buga. Launin da ke kan takarda na ranar da aka buga ta ne, ba ya sauyawa. Haka kuma in kwanan watan kwamfutar kanta ba daidai yake ba, lissafin Excel duka ya karkace.

7. Abin da za a yi in launi ya fito

Launi ba ya ɗauke kwali daga kanta, sai mai shago ya miƙe. A ware rana ɗaya a mako, a buɗe jadawali, a bi wannan tsari:

Rawaya: a jawo kayan gaba, a fara sayar da su kafin sababbi, kuma kada a ƙaro irinsu. Ƙa'idar ita ce wanda zai riga cika wa'adi shi zai riga fita, ko da shi ne ya zo daga baya. In dillali yana karɓar mayarwa, yanzu ne lokacin yi masa magana.

Ruwan goro: a duba ko mai saye zai iya shanye maganin kafin ranar. Wanda zai sha magani na wata biyu, bai halatta a ba shi mai sauran kwana 20 ba. A gaya wa mai saye gaskiyar ranar.

Ja: a sauke daga kanta a ranar, a sa a kwali dabam, a rubuta "ba na sayarwa ba". Kada a zubar a kwata ko a juji inda yara ko masu tsince-tsince za su ɗauka. A mayar wa dillali, ko a nemi ofishin NAFDAC mafi kusa domin a lalata su bisa ƙa'ida. Kankare kwanan wata ko liƙa wani a kansa babban laifi ne.

8. Iyakar abin da jadawali ya sani

Ranar da kamfani ya buga tana aiki ne in an ajiye kaya yadda aka umarta. Magunguna da yawa an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da zafin digiri 30, a wuri busasshe. Shagon kwano da rana ke duka, ga kuma laimar Ikko, yana iya kashe magani tun layinsa bai yi rawaya ba. Haka nan, da zarar an buɗe wasu kaya, lissafinsu ya sauya: gishirin zawo da aka dama ba ya wuce awa 24, maganin ɗigawa a ido kuwa galibi mako huɗu ne bayan buɗewa.

Wannan dabara ba ta tsaya ga magani ba. Direban da ke ɗauko shanu ko albasa daga Arewa zuwa Ikko yana iya jera lasin tuƙi, da inshorar mota, da takardun mota, da fasfo, da ranar biyan hayar shago, ya sa musu ƙa'idodin nan ba tare da sauya ko harafi ɗaya ba.

Tambayoyi domin bita

1. Wace rana za a rubuta wa maganin da aka buga wa EXP 09/2027?
2. Me zai faru in ƙa'idar rawaya ta hau kan ta ja?
3. Ta yaya za a gane kwanan watan da kwamfuta ta ɗauka rubutu ne?
4. Sauya ƙa'idar rawaya ta riƙa gargaɗi tun saura kwana 180.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Duk kayan da suka shigo shago, a rubuta ranarsu kafin a ɗora su a kanta, kuma mai saye shi ma ya juya kwali ya duba kafin ya biya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.